Ciwon Hannun Baba

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bin wannan shafi. Na ga saƙonninku duka, na masu lallashi da na masu faɗa, har da na baiwar Allahn da ta ce in na ƙara mako guda ban ce komai ba za ta biyo ni har unguwarmu Madabo da muciya. Ku yi haƙuri, ba jan aji nake ba. Sau uku ina ɗaukar wayar in fara rubutu, sai in ga haruffan suna rawa, in kife ta a kan filo.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Sa'adiyya, amma a gidanmu ba mai kira na haka. Sunan mahaifiyar Baba na ci, don haka 'Yardada nake. Shekarata ashirin da shida, na gama jami'a, ina aiki a ɗakin karatu na wata makarantar sakandare. Ni ba mai yawan magana ba ce. Tun ina ƙarama in an yi baƙi bayan labule nake laɓewa in yi ta kallonsu. Abin da na iya ke nan a duniya, kallo.

Wanda nake so sunansa Muttaka, ɗan Yakasai. Lissafi yake koyarwa a makarantarmu, amma abin da ya karanta a kudu kiɗa ne, irin na Turawa da ake rubutawa a takarda. Yana busa wani ƙaho na tagulla mai suna tirombon. Nasa ƙarami ne, alto suke ce masa. Sito ɗin da yake gwaji a ciki in an fita hutun tara, bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin karatu, ta nan na fara sanin sa. Muryar ƙahon ba ta da hayaniya. Kamar mace mai hankali ce tana magana a ɗaki na gaba, ba ki jin kalmomin amma kin san ba ƙarya take ba. Fiye da shekara ina ji ta bango, ban taɓa leƙawa ba. Mace da namiji a sito, kun san bakin mutane. Baƙar jakar ƙahon kaɗai na sani.

Wata rana da ya zo zance ya yi mini bayanin abin da yake rubutawa. Ya ce sunansa concerto.

"Kiɗa ne da ƙaho ɗaya zai tsaya a gaba yana magana, mutum talatin da goge manya da ƙanana suna amsa masa. Waɗanda suka rubuta wa ƙaramin ƙahon nan irin wannan kiɗa ba su da yawa, kuma sun mutu fiye da shekara ɗari biyu. Shi ya sa mutanen yanzu ke rubuta sababbi, amma a tsohon salo."

"Sabo kuma tsoho?"

"Kamar ki sayi sabuwar shadda ki kai a yi mata aikin hannu irin na rigar kakanki."

Kashi uku ne, in ji shi. Na farko mai sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe mai sauri. Ya gama na farko da na ƙarshe, na tsakiyar ya ƙi zuwa. Wata ƙungiyar makaɗa a Legas ta ce in ya kammala kafin Disamba za su buga, shi ne zai tsaya a gaba. Shekara huɗu yana kan aikin.

To, kun tuna inda muka kwana. Iyayensa sun zo tambaya, aka ce su koma za a yi bincike. A gidanmu Baba ba ya sa baki a maganar aurena. Tun ranar sunana ya ce ya ba yayansa ni, Baffa Muhammad Auwal, wanda ya gaji makarantar kakanmu Malam da ke soron gidanmu. Baffa ne waliyyina, shi ne zai ce e ko a'a.

Mutanen da Baffa ya tura Yakasai sun samo labari mai daɗi. Asali mai kyau, yaro ba ya wasa da salla, ba ya shan komai. Har sun juyo sai wani maƙwabci mai shagon ɗinki ya ce, "Au, mai busar nan kuke tambaya? Ai kowa ya san shi."

Ranar Asabar da hantsi Baffa ya shigo cikin gida, farar jallabiya da rawani, carbi a hannu. Umma ta shimfiɗa masa darduma a ƙarƙashin rumfa. Ina ɗaki, a bakin taga.

"Jikar Malam ba za ta auri maroƙi ba," ya ce.

"Ai ba roƙo yake ba, Yaya," in ji Umma a hankali. "Malamin makaranta ne. An ce ma ba ya zuwa biki."

"Busa busa ce, Uwani. Gobe in ta haihu a ce 'ya'yan wa? A ce 'ya'yan mai busa. Ni ban ƙi yaron ba. Ya zo ranar Juma'a bayan La'asar da abin nasa, ya ajiye a gabana, ya yi alkawarin bakinsa ba zai sake taɓa shi ba. A ranar zan sa musu rana. In ya ƙi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Baba yana gefe a kan tabarma, kansa a ƙasa. Hannunsa ne kawai ya tashi.

Dole in tsaya in faɗa muku labarin hannun nan, don ban taɓa faɗa ba. Baba, Malam Nata'ala, zare yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai. Tun da na yi wayo na san yana da ciwon hannu. In ya zauna shiru, sai hannunsa na dama ya ɗago daidai haɓarsa, babban yatsa da yatsu biyu a haɗe kamar ya tsinci allura. Sai hannun ya miƙe gaba, ya tsaya, ya dawo rabi, ya sake tafiya. Wani lokaci minti biyu, wani lokaci har a kira salla. In an yi masa magana sai ya yi firgigit ya danne shi da na hagu. Babu abin da ba a yi ba. An je asibiti, an ɗauki hoton wuya da kafaɗa, likita ya ce bai ga komai ba. Wata gwaggonmu ta ce iska ce, aka yi hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi. Duk farkon wata Baffa yana aiko da rubutu a jarka. Ni kuma tun ina aji uku na sakandare aikina ne kullum bayan La'asar in shafa masa man zaitun mai tofi, daga kafaɗa zuwa yatsu.

Da yamma na tura wa Muttaka hukuncin Baffa. Na zaci zai yi kwana biyu bai amsa ba. Ko minti goma ba a yi ba.

"Zan kawo shi ranar Juma'a."

"Concerto ɗin fa?"

"Dama tsakiyarsa ta ƙi zuwa. Wataƙila ishara ce."

"Muttaka, ba na son wasa."

"Ba wasa nake ba. Ƙaho bai iya miyar kuka ba."

"Ni ma ban iya ba."

"Za mu koya tare. Sa'a, na zaɓa."

Ku gaya mini gaskiya, wacce ce a cikinku ba za ta ji daɗi ba? Na ji. Na rungume wayar na yi ta murmushi kamar wata sakarai. Ban yi tunanin komai ba sai kalar ankon da zan fitar.

Ranar Litinin da rana ina kicin, shinkafa a wuta, ina sanye da tsohuwar atamfata mai ruwan goro da ta koɗe a gwiwa, sai ga bidiyo ya shigo. A ƙasa ya rubuta: "Tunda zan ajiye, bari ki gan shi sau ɗaya da idonki."

Na jingina wayar da tulun ruwa na kunna. Yana tsaye a ɗakinsa da farar singileti da wandon shadda. Ƙahon ba shi da huda kamar sarewa, ba shi da maɓallai. Wata doguwar sanda ce lanƙwasasshiya a jikinsa, ita ake zugewa gaba a dawo da ita baya. Ya ɗora shi a leɓe, ya kama sandar da babban yatsa da yatsu biyu. Hannun ya miƙe, ya tsaya, ya dawo rabi.

Wallahi ban ji sautin ba. Hannun nake kallo.

"'Yardada! Ƙauri nake ji!" Umma ce daga ɗaki. "In soyayyar ce ke ƙona mini shinkafa gara a yi auren nan a huta!"

Na sauke tukunyar, na leƙa tsakar gida. Baba bai fita kasuwa ba saboda ruwan da aka yi da safe. Yana zaune ƙarƙashin rumfa yana kallon ɗigon da ke sauka daga indararo, hannun yana aikinsa. Na dubi wayar, na dube shi. Na sake duban wayar. Allah ya yafe mini, na ɗaga wayar ta kafar ƙofar kicin na ɗauki hannun mahaifina, hannun kawai, ban da fuska. Na tura wa Muttaka ban rubuta komai ba.

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake.

"Waye wannan?"

"Ka fara faɗa mini abin da ka gani."

"Mai busa tirombon ne. Babba, irin na 'yan badujala, don hannunsa ya fi nawa miƙewa. Mataki bakwai ne a sandar, kuma duk inda ya tsaya daidai ne, ko kaɗan bai kauce ba. Wannan ba ɗan koyo ba ne. Ina ƙahon nasa?"

"Babu ƙaho. Baba ne. Ciwon hannun da nake ba ka labari."

Sai ya kira. Na ƙi ɗauka, don na san in na buɗe baki kuka ne zai fito. Shekara goma sha biyu ina shafa mai a hannun da lafiyarsa ƙalau.

Daga baya ya turo murya. Ya ce hannu kaɗai ba ya faɗin kiɗan duka, don kowane mataki yana ba da sauti da yawa, leɓe ne ke zaɓar wanda zai fito. Amma abu ɗaya Baba yake maimaitawa, a hankali, kuma zai gwada ya gano shi. Kwana biyu ya yi a kai. Ranar Laraba ya turo abin da ya samo, minti ɗaya da rabi. Na saurara a ɗaki da abin kunne. Ban san kiɗa ba, amma na san wannan. Na san inda zai yi tsawo da inda zai tsaya, don na gan shi sau dubu ban taɓa jin sa ba.

Ranar Alhamis bayan La'asar Umma ta tafi barka maƙwabta. Na ɗauko kwalbar man, na zauna gefen Baba kamar kullum, na naɗe masa hannun riga. Sai na ajiye wayar a kan tabarma na danna.

Naman hannunsa ya ƙage a cikin tafina. Bai juyo ba. Sannan a hankali hannun ya zame daga nawa ya ɗago, yana sheƙi da mai, ya bi sautin. Tare suke tafiya, tare suke tsayawa. Kusa da ƙarshe sai Baba ya girgiza kai.

"A nan ya hau," ya ce. "Sauka ake yi."

Daga nan ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya danne hannun da na hagu. Kajin Umma na can suna tonon bakin rariya.

"Yaron ne?"

"Shi ne, Baba."

"Kunnensa yana da kyau."

Sai ya ba ni labarin, idonsa a kan bango. Yana da shekara goma sha tara ya gudu daga makarantar soro ya shiga badujala a bariki. Shekara uku ya yi. Mai koya musu wani dattijo ne mutumin kudu, shi ya rubuta wannan kiɗan da hannunsa, ya ce Nata'ala ne zai busa shi shi kaɗai a wani babban fareti, sauran su yi shiru su saurara. Saura kwana shida aka aiko daga gida aka tafi da shi.

"Malam bai dake ni ba, bai zage ni ba. Tun ranar da na tafi ya daina fita sallar jam'i, don kada a tambaye shi ina ɗansa. Na same shi ya rame kamar ba shi ba. Na durƙusa na ce bakina ba zai sake taɓa ƙaho ba." Ya ɗan yi murmushi. "Bakin ya cika alkawari. Hannun ne ba ya jin magana."

"Umma ta sani?"

"Bayan nan aka yi aurenmu."

"Baffa fa?"

"Shi ya riƙo mini jakata har gida."

Na tuna jarkokin rubutun nan, duk farkon wata, shekara da shekaru. Na rasa ko haushin Baffa zan ji ko tausayinsa.

"Baba, me ya sa ka bari muka yi ta wahalar da kai? Hayaƙin nan, asibitin nan..."

"Wanne ya fi sauƙi a gidan nan, a ce Nata'ala yana da ciwo, ko a ce yana kewar busa?" Ya miƙo mini hannun. "Ƙarasa shafawar. Ita kam ina jin daɗinta."

Ina shafawa hawaye na ɗiga a kan man. Na yi ƙarfin halin da ban taɓa yi ba.

"Gobe za ka yi magana?"

"Na ba Yaya ke, 'Yardada."

Shi ke nan abin da ya ce.

Kafin Magariba na rubuta wa Muttaka komai. A ƙarshe na ce, "Kada ka kawo shi gobe. Don Allah."

"In ban kawo ba na rasa ki."

"In ka kawo zan yi shekara arba'in ina shafa maka mai."

"Ni ba Baba ba ne. Shi tilas aka yi masa, ni na zaɓa."

"Shi ma cewa ya yi ya zaɓa."

Ya karanta, bai amsa ba.

Juma'a ta zo da hadari amma ruwan bai sauka ba. Umma ta share soro ta turara, ta shimfiɗa sabuwar tabarma da darduma biyu, allunan ɗalibai a jingine a kusurwa. Ta sa ni na saka leshi ruwan hoda da ta ɗinka mini da Ƙaramar Salla, ta ce ko ba za a gan ni ba ranar farin ciki ce. Na ɗora babban hijabi ruwan toka a kai na tsaya bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. Wurina na tun ƙuruciya.

Muttaka ya yi sallama ya cire takalmi. Shadda ruwan sararin samaniya, hula zanna a karye a gefe, baƙar jakar a hannu. Idonsa ya faɗa. Ya durƙusa ya gai da Baffa da Baba, ya tura jakar gaban Baffa da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri.

"Madalla," in ji Baffa. "Ka yi abin da ɗan halak yake yi. Wannan kuma akwai maƙeran tagulla, za su san abin da za su yi da shi. Yanzu ka faɗa da bakinka, a gabana da gaban ƙanena."

Na dubi Muttaka. Na ga hannunsa na dama a kan gwiwarsa. Babban yatsa da yatsu biyu sun haɗe, shi bai ma sani ba. Can gefe hannun Baba yana ƙarƙashin na hagu, a danne.

Ni da ko gaisuwa sai Umma ta zungure ni, ban san lokacin da na ɗaga labulen ba.

"Baffa, ka gafarce ni." Na zube a bakin tabarma. Muryata kamar ta wata. "Ni ce ban yarda ba. Kada ya faɗa."

"Ke! Waye ya kira ki nan?"

"Ba kowa."

"To koma ciki."

"Zan koma, Baffa. Amma in ya yi alkawarin nan ba zan aure shi ba. Na ga abin da alkawarin yake yi wa mutum. Kai ma ka gani, kai kake aiko da rubutun."

Na ji Umma a bayan labule ta ce, "Innalillahi, yarinyar nan ta haukace." Baffa bai dube ni ba, ƙanensa ya duba.

"Kai ka faɗa mata?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Ke kin ga hannu," Baffa ya ce da ni, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na ga ubana yana salla shi kaɗai a ɗaki shekara uku, mutumin da sahu uku ke bin sa. Ni nake kai masa abinci in dawo da shi yadda yake. Kada ki koya mini abin da busa take yi." Ya miƙe ya gyara rawaninsa. "Ba da bakina za a ɗaura wannan aure ba."

Ya sa takalmi ya fita.

Muttaka ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kin san kwana nawa na yi ina lallashin zuciyata kafin in iya ɗauko jakar nan? Na zaɓe ki a gaban manya, ke kuma kin zaɓi ƙarfe."

"Ba ƙarfe na zaɓa ba."

"To me? Ga shi nan babu ke, babu..."

Ƙarar maɓallin jakar ce ta katse shi. Baba ne ya jawo ta gabansa ya buɗe. Ƙahon a rabe yake gida biyu. Ba wanda ya nuna masa, ya ɗauki wannan ya ɗauki wancan ya haɗa, ya murɗa, ya saka masa ɗan bakin da ake busawa, duk a numfashi ɗaya. Ya ɗora shi a kafaɗar hagu. Bai kai shi leɓe ba, ya bar tazarar yatsa biyu. Sannan ya kama sandar.

'Yan uwa, a ranar na fara ganin hannun Baba da abin da yake riƙe da shi duk shekarun nan. Sandar tana tafiya tana dawowa, ba sauti sai ɗan shuu na ƙarfe a kan ƙarfe. Umma ta ɗaga labule ta tsaya, hannunta a baki. Ya bi kiɗan tun daga farko har ƙarshe.

"Ya fi nawa gajarta," ya ce. Ya miƙa wa Muttaka. "Wurin da ka hau, sauka ake yi. Busa in ji."

"A nan, Baba?"

"A nan."

A soron Malam, inda ba a taɓa jin komai ba sai karatu. Muttaka ya karɓa ya busa a hankali kamar mai raɗa. Da ya zo wurin sai ya sauka, sautin ya kwanta kamar yaron da ya gaji da kuka. Baba ya rufe ido. Daga inda nake durƙushe ina hango lungu ta ƙofar waje. Baffa bai yi nisa ba. Yana tsaye a bakin kwana, ya ba mu baya, carbinsa a rataye ba ya ja. Har aka gama bai juyo ba. Sannan ya sha kwanar.

Muttaka ya raba ƙahon ya mayar a jaka. Ya yi wa Baba sallama, ya yi wa Umma. Ni bai dube ni ba.

"Uwani," in ji Baba, "ɗauko mini babbar rigata, mai aska takwas."

"Ina za ka, Malam? Wai me ke faruwa a gidan nan ne? Dama ba ciwo ba ne?"

"Gidan Yaya zan je. Zan karɓo kyautar da na yi masa ranar suna."

Bai daɗe ba. Kafin a kira Magariba ya dawo, hularsa a hannu, ruwan da ya fara sauka ya jiƙa masa kafaɗu. Ya zauna a ƙarƙashin rumfa bai cire rigar ba. Umma ta kasa tambaya, ni na tambaya.

"Ya ba ni ke," ya ce. "Ya ce in haɗa da zumuncin in tafi da shi."

Yau kwana goma sha shida ke nan. Baffa bai sake tako gidanmu ba. Ya mayar da ɗalibansa soron gidansa, an zo an kwashe allunan. Wata ya kama, jarkar rubutu ba ta zo ba. A masallaci in Baba ya tsaya a dama, Baffa sai ya koma hagu, mutanen da tun suna yara kafaɗarsu a haɗe take a sahu. Gwaggonnina sun ce ni na raba su, kuma ban iya cewa ƙarya suke ba.

Hannun kuwa ya daina. Tun ranar bai sake ɗagowa ba. Na ci gaba da zuwa da kwalbar man bayan La'asar, shi ma yana miƙo mini, ba wanda ya ce a bari. Amma yanzu idonsa ne ba ya zama wuri ɗaya. Duk sallamar da aka yi a soro sai ya ɗago da sauri, in ya ji ba muryar ba ce ya mayar da kai.

Muttaka kuma shiru. Makaranta tana hutu, babu bangon da zan jingina in saurara. Na tura saƙo sau huɗu, na ƙarshen na ce masa hanya ta buɗe, Baba ne waliyyina yanzu. Ya karanta duka. Na ce wa kaina wataƙila na cece shi ne na rasa shi, na kuma raba tsofaffi biyu a banza. Na ninke leshin ruwan hodar na sa a ƙasan akwati.

Yau da hantsi ina tsince shinkafa wayar ta yi ƙara. Hoto ne. Takardar kiɗa, layuka biyar biyar cike da ɗige-ɗigen baƙin biro, an goge wasu an sake. Ban iya karanta ko ɗaya ba. Abin da na iya karantawa rubutun da ke sama ne, da hannunsa: Kashi na biyu, a hankali. Na Malam Nata'ala.

Na kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska, ya daɗe yana bin layukan da ɗan yatsa. Leɓensa yana motsi.

Yana riƙe da ita wani saƙon ya shigo. Ya miƙo mini da sauri kamar ta ƙona shi, ya kau da kai. Amma na san ya gani, don layi biyu ne kawai.

"Na gama shi. Ina da magana, amma ba da ke zan fara ba, kuma ba da Baba ba. Yanzu haka ina ƙofar gidan Baffa."

Baba ya cire tabarau ya ninke. Ya dubi ƙofar soro.

"Da jakar ya je," ya tambaye ni, "ko hannu sake?"